Hoton Ƙaramin Hanji ga Mai Juna Biyu: Wanne Ake Yi, Wanne Ake Jinkirtawa?

 

A ɗakin awo idan aka ce "hoto", kowa ya san abin da ake nufi, wato sikanin da ake duba kwanciyar yaro. Wannan kam ba a roƙon kowa, wasu ma su suke roƙon a ƙara musu. Amma ranar da likita ya ce hoton hanji yake so a yi, sai ki ga fuska ta canza. Wata ta naɗe takardar ta sa a jaka, ba za a sake ganinta ba sai ciwo ya kayar da ita, domin an ce mata hoton asibiti yana ƙona jariri. Wata kuma ta wuce wani wurin ɗaukar hoto a cikin gari, a yi mata duk abin da aka ga dama, ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki ba. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma rashin bayani ne ya jawo. Mafi yawan waɗanda na ga haka ta faru da su daga nesa aka turo su, daga Anka, Gummi, Bukkuyum da ƙauyukansu, sun ɓata kuɗin mota sun kuma koma da ciwonsu.

Me ya sa sai an yi hoto?

Abincin da kika ci, idan ya bar tumbi, ƙaramin hanji yake shiga. Tsawonsa ya kai kamar mita 6, a naɗe yake cikin ciki kamar gammo. A nan jiki yake tsotse amfanin abinci. Sinadarin ƙarfe mai gina jini a farkonsa ake tsotse shi, bitamin B12 kuma a ƙarshensa, can ƙasa ta gefen dama inda ya haɗu da babban hanji. Shi ya sa wadda hanjinta ya kumbura za ta yi ta shan ƙwayoyin ƙarin jinin da muke bayarwa a wurin awo, amma kullum aka auna jinin yana ƙasa.

Likita yana da robar hangen ciki mai fitila. Idan ta baki aka zura ta, iyakarta tumbi da ɗan farkon ƙaramin hanji. Idan ta dubura ce, za ta zagaye babban hanji ta leƙa ƙarshen ƙaramin kaɗan. Duk mitocin da ke tsakani ba ta isa gare su. Hoto yana nuna su ba tare da an yi fiɗa ba.

Cutar kumburin hanji mai daɗewa

Akwai ciwon da garkuwar jikin mutum take juyowa ta riƙa yaƙar hanjinsa, har ya kumbura ya yi gyambo. Iri biyu ne. Na farko a babban hanji kawai yake zama, alamarsa gudawa da jini da majina. Na biyu shi ake kira cutar Crohn, da sunan likitan Amurka Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bayyana ta a shekarar 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Tana cin bangon hanji har ciki, wani lokaci wurin ya tsuke abinci ya kasa wucewa, wani lokaci ya tara mugunya, ko ya ɓula hanya zuwa wani sashe.

Ba a ɗaukar wannan ciwo daga wani, ba sammu ba ne, ba kuma basir ba ne, ko da yake da sunan basir mafi yawa suke zuwa mana bayan sun gama shan jiƙe-jiƙe. Yakan fara ne tun mutum yana matashi, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Yana lafawa ya tashi. A da ana ɗauka ciwon Turawa ne, yanzu kuwa asibitocin koyarwa na Nijeriya suna ganinsa, duk da cewa har yau bai kai sauran cututtukan ciki yawa a wurinmu ba.

Ki lura da kanki. Gudawa ce da ta wuce mako huɗu, ko take tashinki daga barci? Kina ganin jini ko majina? Ciki yana girma amma ke kina ramewa? Akwai gyambon baki da ba ya jin magani, ko wani ƙurji kusa da dubura mai fitar da ruwa, ya warke ya dawo? Waɗannan ba laulayi ba ne. Ki faɗa mana a wurin awo, kada kunya ta hana ki. Mun ji abin da ya fi wannan.

Cututtukan da suke kama da shi a yankinmu

Kafin likita ya ce cutar Crohn ce, dole ya kawar da waɗanda suka fi ta yawa. Atini da tsutsar ciki gwajin bayan gida yana nuna su. Taifot shi ma ƙarshen ƙaramin hanji yake ci, amma da zazzaɓi mai zafi yake zuwa, kuma cikin makonni yake yin ɓarnarsa, har yakan huda hanji idan aka yi sakaci.

Wanda ya fi ruɗa likitoci shi ne tibin hanji. Mutane sun san tarin fuka a ƙirji kawai, alhali ƙwayar cutar tana sauka a hanji, kuma daidai wurin da cutar Crohn take so nan ita ma take zama. Ciwon ciki iri ɗaya, rama iri ɗaya, a hoto ma sukan yi kama. Haɗarin yana wurin magani. Maganin Crohn danne garkuwar jiki yake yi, idan kuwa aka ba mai tibi shi, an buɗe wa tibin ƙofa ke nan ya bazu. Don haka kada ki ji haushi idan kin zo da ciwon ciki aka ce a kawo kaki, ko a yi hoton ƙirji, ko aka tambaye ki ko akwai mai tari a gida. Likita bai ɓata hanya ba. Idan tibi ne, ana warkewa sarai da maganin wata shida, kyauta ake ba da shi, kuma mai ciki tana sha.

Sai gubar dalma, wadda mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a ba su labarinta. A shekarar 2010 aka gano ta a ƙauyukan da ake daka dutsen zinariya cikin gidaje, irin su Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, aikin Bagega sai a 2013 aka yi shi, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi wa dubban yara magani.

Dalilin da ya sa na kawo wannan, yarinyar da take da shekara biyar a 2010 yau ita ce take zuwa mana awo da cikinta. Dalma tana ɓuya a cikin ƙashi shekaru masu yawa. Idan ciki ya shiga, jiki yana jawo sinadarin ƙashi don gina ɗan tayi, sai dalmar ta biyo shi ta dawo cikin jini, ta ratsa mabiyiya ta kai ga yaro. A babba, tana kawo murɗar ciki mai tsanani, da ƙarancin jini, da hawan jini, amma ita taurin bayan gida ta fi kawowa ba gudawa ba. Hoton hanji ba shi ne yake tabbatar da ita ba, gwajin jini ne. Idan a ɗaya daga cikin waɗannan ƙauyuka kika tashi, ko maigida yana aikin haƙar zinariya yana shigowa gida da kayan aikinsa, ki faɗa wa likita tun kafin ya rubuta hoto. Kalma ɗaya za ta iya hutar da ku kashe kuɗi mai yawa.

Sikanin hanji shi ne na farko

Na'urar da muke duba jariri da ita, ita ce dai ake duba hanji da ita, sai dai a canza kan da ake ɗorawa a ciki. Da sauti take aiki, ba ta da hasken da yake cutarwa, ana iya maimaita ta sau nawa aka ga dama daga farkon ciki har ƙarshe. Mai dubawa zai shafa man nan mai sanyi, ya ɗan danna, ya bi hanjin a hankali. Kaurin bangon hanji yake aunawa. Lafiyayye ba ya wuce milimita 3, idan ya wuce haka kuma jini ya yawaita a wurin, alamar kumburi ce. Yana kuma iya ganin inda ya tsuke ko inda mugunya ta taru.

Abu biyu nake so ki riƙe. Na farko, ba duk mai iya duba jariri ne ya iya duba hanji ba, aiki ne na wanda ya koye shi. Idan an yi miki sikanin a ƙauye ko a shago an ce yaro lafiya, wannan ba ya nufin an duba hanjinki. Na biyu, bayan mako 20 mahaifa ta taso ta tura hanji sama da gefe, sai ganin wasu wuraren ya yi wuya, musamman ƙarshen ƙaramin hanjin nan da muka fi son gani. Wannan ma dalili ne na fara awo da wuri. Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito, musamman cikin fari, tana sa mu rasa lokacin da ya fi kyau.

Hoton MRI

Idan sikanin bai gamsar ba, sai a je ga MRI. Da maganaɗisu yake aiki, shi ma babu hasken eksire a cikinsa. Shi ne ya fi nuna ƙaramin hanji dalla-dalla. Wani babban bincike da aka yi a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, wanda ya fito a 2016 kuma ya duba haihuwa fiye da miliyan 1.4, bai ga ƙarin illa ga yaran da aka yi wa iyayensu MRI a watanni ukun farko ba. Amma binciken ya ga ƙarin matsala inda aka yi allurar gadoliniyam, wato ruwan da ake sawa ta jijiya don hoto ya ƙara fitowa. Saboda haka mai ciki ana yi mata MRI ne ba tare da wannan allura ba. Idan kin ga an ɗauko sirinji, ki sake tuna musu kina da juna biyu. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne. Mai shayarwa kuwa, idan ta kama an yi mata allurar, ba sai ta daina ba da nono ba.

Ga yadda ake yi, don kada ya zo miki a ba-zata. Za a ce kada ki ci abinci na awa 4 zuwa 6. Idan kin zo za a ba ki wani ruwa, lita ɗaya ko ɗaya da rabi, ki sha kaɗan-kaɗan cikin kamar awa guda, domin ya buɗe hanjin a ga bangonsa. Mai laulayi takan sha wuya a nan, ki sha iya ƙoƙarinki, kada ki ɗura shi gaba ɗaya ki amayar. Bayan haka za ki kwanta a shigar da ke cikin na'urar na minti 30 zuwa 45. Tana da ƙara sosai kamar injin niƙa, za a ba ki abin toshe kunne. Idan ciki ya tsufa ba a son ki daɗe a rigingine, za a ɗan karkata ki ta hagu. Ruwan nan yakan sa gudawa na 'yan awoyi, don haka kada ki fito ki faɗa motar Gummi nan take.

Duk wani ƙarfe ba ya shiga ɗakin: 'yan kunne, awarwaro, zobe, fil ɗin hijabi, laya mai ƙarfe, wayar hannu. Ki wanke kwalli ma kafin ki zo. Wadda aka taɓa sa wa ƙarfe a aikin tiyata, ko take da harsashi ko ɓarɓashinsa a jiki, lallai ta faɗa tun a waje. Halin da yankinmu ya shiga ya sa dole mu riƙa yin wannan tambaya.

Gaskiya ita ce MRI yana da tsada, kuma sai a manyan asibitoci ake samunsa. Kafin ku taso daga gida, maigida ya bincika ta hannun asibitin da ya turo ku ko na'urar tana aiki, wace rana aka ba ku, kuma nawa ne kuɗin. Hanya ba ta da daɗin da za a bi ta sau biyu a banza.

Eksire, CT da ruwan bariyam

Waɗannan su ne masu hasken da ake tsoro, kuma tsoron yana da tushe, sai dai an zuzuta shi. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira miligire. Abin da masana suka tsaya a kai shi ne, ƙasa da miligire 50 ba a ga yana jawo ɓari ko nakasa ba. Hoton ƙirji guda, abin da yake kai wa ga ɗan tayi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na miligire ɗaya ba. Eksiren ciki guda ba ya wuce 3. CT na ciki da ƙugu yana iya kaiwa 25 ko kusa da haka, gwargwadon na'ura. Lokacin da aka fi kiyayewa shi ne makonni 15 na farko, lokacin da gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa suke ginuwa. Akwai kuma ɗan ƙarin haɗarin ciwon daji ga yaro nan gaba idan hasken ya yi yawa. Ƙarin kaɗan ne, amma ya isa ya sa ba ma yin waɗannan hotuna sai da dalili.

Tsohuwar hanyar duba ƙaramin hanji, wadda ake shan farin ruwan bariyam a yi ta ɗaukar eksire yayin da yake sauka, ba a yi wa mai ciki ita, a bari sai an haihu. Haka ma ƙwayar nan mai kamara da ake haɗiya, ita ma a jinkirta.

CT kuwa yana da ranarsa. Idan ana zaton hanji ya toshe ko ya fashe, babu MRI a kusa, likita kuma yana son ya san ko zai shiga tiyata a daren, to a yi CT ɗin. A irin wannan hali ƙin yarda ya fi hoton haɗari nesa ba kusa ba, domin idan uwa ta tafi, yaron cikin ba shi da wurin zama. Na taɓa tsayawa da wani magidanci a bakin ɗaki kusan awa guda yana cewa sai ya ji ta bakin mahaifiyarsa a ƙauye, waya kuma ba ta shiga. Allah Ya taimaka ya sa hannu, matar ta tashi, ta kuma haihu lafiya daga baya. Amma wannan awa ɗin ban so a ɓata ta ba. Malam, ku yi wannan shawara a gida tun kafin ranar ta zo.

Wadda kuma aka yi wa eksire kafin ta san tana da ciki, ta kwantar da hankalinta. Hoto ɗaya ko biyu ba dalili ba ne na tunanin ciki ya lalace. Ta zo da takardar mu gani.

Bayan an gano ciwon

Amfanin hoto shi ne a san ciwo a ba da magani, kuma a nan wasu suke sake yin kuskure. Da zarar ciki ya shiga sai su ajiye maganin don tsoron yaro. Abin da ya fi cutar da yaro shi ne ciwon ya tashi: yana kawo ɓari, haihuwar bakwaini, da jariri marar nauyi. Wadda ta ɗauki ciki ciwon yana kwance, galibi haka take kaiwa ƙarshe lafiya. Wadda ta ɗauka yana tashe, sau da yawa haka yake ci gaba ko ya ƙaru. Shi ya sa muke ba wa wadda ta san tana da shi shawarar ta samu wata uku zuwa shida cikin sauƙi kafin ta nemi ciki.

Mesalazine da azathioprine ana ci gaba da su a ƙarƙashin kulawar likita. Mai shan sulfasalazine ana ƙara mata folik asid fiye da na sauran mata. Prednisolone ana ba da shi na ɗan lokaci idan ciwo ya tashi, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Wanda aka hana gaba ɗaya shi ne methotrexate, yana nakasa ɗan tayi, dole a daina shi aƙalla wata uku kafin ɗaukar ciki. Idan kina shansa kuma kika ga batan wata, kada ki ƙara ko ƙwaya ɗaya, ki zo a ranar.

Magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis da wurin masu talla a kasuwa, irin su ibuprofen, diclofenac da piroxicam, suna tayar da gyambon hanji, kuma ba su da kyau ga mai ciki musamman idan ya tsufa. Farasitamol ya wadatar. Iyayenmu mata, don Allah a yi haƙuri da jiƙon basir da yawan kanwa har sai likita ya gani.

Game da haihuwa, mafi yawansu da kansu suke haihuwa. Wadda take da ramin nan mai tsiyaya kusa da dubura ita ce ake zaɓa wa tiyata, don kada wurin ya yage ya ƙi warkewa. Ko wacce ce, a asibiti muke so ta haihu.

Kada a jira ranar awo idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ana amai kore, bayan gida da tusa sun tsaya, ko jini yana zuba da yawa ta dubura, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon ciki mai tsanani, ko motsin yaro ya ragu. A kai ta babban asibitin da ya fi kusa, na Anka, Gummi ko Bukkuyum, a fara sa mata ruwa, su kuma su rubuto takardar turowa zuwa Gusau ko Sakkwato.

Idan za ku taho, ku haɗo katin awo, da duk tsofaffin hotuna da sakamakon gwaji ko sun yi shekaru, da kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Ki tuna ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, ko da da lissafin watan Musulunci ne, mu za mu juya shi. Idan kuma kin shiga ɗakin hoto, tun kafin ki kwanta, ko an tambaye ki ko ba a tambaye ki ba, ki ce: "Ina da ciki," ko "Ina zaton ina da ciki."

Allah Ya sauke ku lafiya.